Taya Marar Ƙusa da Ragon Suna

Shitu direban motar asibiti ne a Bronx, amma Hausawan titin Grand Concourse sun fi saninsa da samo rago. In an yi haihuwa ko wani zai yi sadaka, shi ake wa waya. Ranar Asabar yakan ɗauki tsohuwar jif ɗinsa ya yi tafiyar awa biyu da rabi zuwa wata gona a arewacin jihar, ya zaɓi dabba, ya yanka da hannunsa, a gyara, ya dawo da naman cikin manyan kuloli.

Mil ɗaya na ƙarshe zuwa gonar ba kwalta, kuma hawa ne. Bara a watan Fabrairu motar ta zame masa a wurin, ta juya a hankali har ta fuskanci inda ta fito. Bai ji ciwo ba, amma ya daɗe a zaune kafin ya iya sake kama sitiyari. Shi ya sa wannan karon tun farkon Nuwamba ya je shagon Abdul-Karim mai taya a unguwar Morrisania, mutumin Zangon Kumasi ne da ya shekara ashirin a sana'ar.

"Mai ƙusa nake so," in ji Shitu. "Huɗu."

Abdul-Karim ya gangaro da taya biyu ya jingine su a bango. Ɗaya an dasa mata ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jiki, ɗayar roba ce zalla mai zurfin zane.

"Alhaji, gonar nan sau nawa kake zuwa a wata?"

"Sau biyu. Wani watan uku."

"Sauran kwanakin ina motar take?"

"Hajiya ke zuwa aiki da ita unguwar Parkchester."

"To, ka ji gaskiya. In ƙanƙara ta daskare ta yi santsi kamar gilashi, mai ƙusa ta fi. Amma titin garin nan ana sharewa, ana zuba gishiri. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta mai ƙusa ba ta saurin tsayawa kamar wannan, ga ƙara duk inda ka bi. Kuma ƙarshen Afrilu dole ka cire ta, doka ce."

Shitu ya shafa ƙusoshin da yatsa. Su yake so. Ya fita bakin titi ya kira matarsa Fatsuma ya yi mata bayani.

"Malam, ni ban san taya ba," ta ce. "Hanyata akwai makarantu biyu. Wadda za ta tsaya in na taka birki, ita nake so."

Ya koma ya ce a sa marar ƙusa. Ransa bai kwanta ba, amma bai sake tayar da maganar ba.

A tsakiyar Janairu 'yarsu Ilham ta haifi mace, jikarsu ta fari. Suna ya faɗo ranar Asabar. Aka shirya cewa Shitu zai tafi gona bayan asuba, Faruƙ mijin Ilham ya kira shi da zarar an raɗa suna, sai ya yanka.

Ranar Juma'a aka wuni ana ruwa, daga baya sanyi ya sauka ya daskarar da shi. Washegari bayan asuba Shitu ya kama hanya. Babbar hanya lafiya lau, motar ba ta ko girgiza ba. Da ya iso gindin hawan sai ya ga hanyar tana ƙyalli. Ya sa ƙaramin giya ya fara hawa. Bai kai rabi ba tayoyin suka fara juyawa a wuri ɗaya. Ya ɗage ƙafa, ya yi bismillah, ya bar motar ta koma baya sannu a hankali har ƙasa. Ya kashe ta, ya ji haushin Abdul-Karim, ya ji na kansa.

Ya kira mai gonar, wata dattijuwar Baturiya. Ta ce ya jira. Bayan minti ashirin ta sauko da tarakta mai sarƙa a tayoyi.

"Da mai ƙusa na sa, da na hau?" ya tambaye ta.

"Wataƙila. Mai kawo mini abincin dabbobi yana da su, ya hau ɗazu. Saukowa ce ta ba shi wuya."

Ba kujera ta biyu a taraktar. Shitu, mai shekara hamsin da takwas, ya tsaya a kan ƙarfen baya, hannu ɗaya riƙe da kujerarta, ɗayan rungume da jakar wuƙaƙe. Kulolin ta ɗaure a gaba.

Ya zaɓi farin rago mai baƙin kunne. Yana wasa wuƙa wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, an raɗa," in ji Faruƙ. "Habsatu. Sunan mahaifiyata."

"Allah ya raya ta, ya yi mata albarka."

Ya ajiye wayar a kan shinge, ya fuskantar da ragon gabas, ya yi niyya da sunan yarinyar, ya yanka. Yatsunsa sun ƙage da sanyi, sai da dattijuwar ta kawo masa bokitin ruwan ɗumi kafin ya iya kama fiɗa.

Bai iso gida ba sai bayan la'asar. Maza da yawa sun watse, mata kuwa suna nan da tukwane a kan wuta. Aka karɓi kulolin tun daga bakin lifta mai hawa bene. Fatsuma ta dubi wandonsa da ya ɓaci da laka har gwiwa, ta nuna masa banɗaki. Da ya fito ya sake kaya, Ilham ta miƙo masa jaririyar. Ya zauna a kujerar kusa da hita ya riƙe ta, tana barci, har aka kira shi sallar magariba.