Akwatunan da Mutaru Ya Sassaƙa

Mutaru ya sassaƙa akwatuna a inda ya kamata ya ja layi biyu a tsaye, kuma a kan dutsen marmara ya yi ɓarnar.

Ɗan zangon Kumasi ne, yana aiki a wani shagon sassaƙa rubutu a Deira, can ƙasar Larabawa, bizarsa a hannun mai shagon, ga lokacin sabunta ta ya matso. Wani dattijo Ba'indiye ya turo addu'a da tsohon rubutun kakanninsa, a sa a dutse don matarsa da ta rasu. A rubutun nan, layi biyu a tsaye ke rufe kowane baiti. Kwamfutar shagon kuwa tsohuwa ce, ba ta san lambar da aka ba alamar ba, sai ta cike gurbin da ɗan akwati fanko.

Akwatunan ba su kwanta wa Mutaru ba. Sauran haruffan duk a lanƙwashe, su kaɗai ne a miƙe kamar tagogi. Amma dokar shagon ɗaya ce: abin da kwamfuta ta nuna shi ake yankawa, mai yawan tambaya ya nemi wani wurin. Sai ya ɗauki hoto a waya, ya nuna wa Mijinyawa, Bakanon da ke ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar.

"Alhaji, dubi nan. Wannan harafi ne?"

"Kai Bagana, Hausar ma da ƙyar kake karantawa, yau Indiyanci za ka gyara? Kwamfuta ta fi ka kai. Yalla, je ka yanka."

Ya yanka. Har kusurwoyin ya gyara tsaf.

Ranar karɓa, Mutaru ya tsaya bayan injin sassaƙa yana goge hannun da ba datti. Dattijon ya sa tabarau, ya bi rubutun da yatsa, leɓensa na motsi. Yatsan ya iso akwatin farko ya tsaya. Bai yi faɗa ba.

"Wa ya sa wa matata wannan?"

Mai shagon bai ko kalli kwamfutar ba. Sai ya juya ya kalli Mutaru.

"Khalas," ya ce da Larabci, wato shi ke nan.

Kafin ƙarshen mako aka miƙa wa Mutaru fasfonsa, an soke bizar, da tikitin Accra a ciki.