Ranar da Kira Tsambika Ta Hau Dutse

"Lefteris, ina ka kai mini takalmana?"

Fotini tana zuba wa tukwanen ɗoɗɗoya ruwa a ƙofar gidanta muryar maƙwabciyarta ta keto katanga. Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka da Kira Tsambika, wato Uwargida Tsambika a yaren garin, a wannan lungu na tsohon garin Rodos, ta san muryar tsohuwar in wasa take, ta kuma san ta in ranta ya ɓaci. Yau babu wasa.

"Mama, don Allah ki zauna," in ji ɗanta Lefteris. "Likita ya ce gobe Talata za a ba ki gado a asibiti."

"Wane likitan? Wanda na ɗauki hotonsa ran baftismarsa, tsirara yana tsala ihu? Shi ne zai ce mini in kwanta?"

"Zuciyarki ce, Mama, ba taurin kanki ba."

Lefteris ya fito da jakar leda a hannu, takalma uku ƙafa bibbiyu a ciki. Ya jefa su bayan mota, ya kulle, ya ɗaga wa Fotini hannu ba tare da ya dube ta ba, ya wuce otal ɗin da yake aiki.

Kira Tsambika shekararta saba'in da tara. Shekara arba'in ta yi tana riƙe da shagon hoto a bakin kasuwa. Sunan mijinta ne a allon shagon har ya rasu, amma duk wanda ya yi aure a unguwar ya san hannun wa ya ɗauke shi. Tun sanyin bana zuciyarta ta fara gazawa, ƙafafu suka kumbura, daga ɗaki zuwa kicin sai ta huta sau biyu. Ga shi ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta unguwa, yawancinsu tsofaffin da suka ajiye aiki, sun shirya tafiya tsibirin Kastelorizo. Ran Laraba za a yi husufin rana, a can kuma ranar za ta rufe ruf, ga furannin bazara sun lulluɓe saman dutse. Ita ce ta fara rubuta sunanta, tun watan Janairu.

Fotini ta shiga ta same ta zaune a bakin gado, ƙafa ba takalmi, tsohuwar kyamararta mai ido biyu a cinya.

"Takalman marigayi Pandelis suna nan?" Abin da ta tarbe ta da shi ke nan.

"Na mijina? Kira Tsambika, lamba arba'in da uku ne fa."

"Dubi ƙafar nan. Za su yi mini ɗas."

Fotini ta zauna a kujera. "In kika mutu a hanya, me zan ce wa ɗanki?"

"Ki ce masa a hanya na mutu. Ya fi ki ce na mutu ina ƙirga tsagar silin asibiti." Ta ja numfashi da ƙyar. "Fotini, na ɗauki amare, na ɗauki gawa, na ɗauki sojoji masu kunnuwa kamar faranti. Ban taɓa ɗaukar abu don kaina ba. Wannan nawa ne."

Fotini ta miƙe. Ta koma gida ta buɗe kabad ɗin da ta yi shekara shida ba ta taɓa ba, ta ɗauko takalman.

Washegari da safe, kafin Lefteris ya zo ɗaukarta zuwa asibiti, ita da Fotini suna tashar jirgin ruwa. Kir Savas, wato Malam Savas, shugaban ƙungiyar, tsohon malamin lissafi mai ƙaton tumbi, ya dubi takalman ya fashe da dariya.

"Kira Tsambika, kamun kifi za mu ko ɗaukar hoto?"

"Kai dai ka tuna ka cire murfin kyamara wannan karon, Savas."

Ana shirin janye gadar shiga jirgin sai ga Lefteris a guje, da rigar aiki, ledar magunguna a hannu. Bai tsaya jan mahaifiyarsa ba, ya san ba za ta jawu ba. Ya shigo jirgin yana haki, ya tsaya a gaban Fotini.

"Kira Fotini, a hannunki na girma, ba zan yi miki rashin kunya ba. Amma in wani abu ya same ta, ke ce."

"Na ji," in ji Fotini. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni ce."

Awa biyar na tafiyar bai ƙara ce mata uffan ba. Lokacin azumin Ista ne, aka yi ta miƙa burodi da zaitun da alewar riɗi, shi ko taɓawa bai yi ba.

Ran Laraba da hantsi suka taru a gindin dutsen da ke bayan gidajen bakin ruwa. Matakala ce farare, wajen ɗari huɗu, suna lanƙwasa har sama. Lefteris ya ɗaga kai ya duba, ya girgiza shi.

"Daga bakin ruwa ma ana ganin rana, Mama. Rana ɗaya ce."

"Furannin fa? Su ma za su sauko bakin ruwa su gaishe ni?"

Ta kama bango ta fara hawa. A mataki na goma sha biyu ta tsaya, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ba ta juya ba, ba ta kuma nemi hannun kowa ba. Kir Savas ya ruga shagon kofi ya aro kujerar katako, shi da wasu tsofaffi biyu suka ɗora ta suka ɗaga.

"A hankali, jakuna, ba buhun albasa ba ce!"

"Buhun albasa ba ya zagi," in ji Kir Savas yana nishi.

Ba su kai mataki ɗari ba suka sauke ta, kowa ya dafe ƙugu. Fotini ta ajiye jakarta ta kama ƙafar kujerar ita kaɗai. Sai ta ji an ture hannunta. Lefteris ne. Ya tuɓe kwat ya miƙa mata, ya juya wa uwarsa baya ya durƙusa.

"Hau."

"Ka ce ba ka yarda ba."

"Har yanzu ban yarda ba. Hau, Mama."

Da goyo ya kai ta sama, yana hutawa a kowace kwana, ita kuma tana gaya masa ya yi ƙiba.

Saman dutsen fili ne mai duwatsu, ja da fari da rawaya ko'ina, furanni har cikin tsagar dutse. Ga gaɓar Turkiyya can tsallaken ruwa kamar a miƙa hannu a taɓa. Mutane sun kakkafa kyamarori a kan ƙafafun ƙarfe, kowa da tabarau na kwali na kallon husufi. Kira Tsambika ta ƙi kujera. A ƙasa ta zauna, tsakiyar jajayen furanni, ta miƙe ƙafafu, ta leƙa kyamararta ta sama tana murɗa ta. Ta ɗauki furannin sau biyar, ba gaggawa.

Bayan ƙarfe ɗaya haske ya fara yin wani iri, kamar an surka shi da ruwa. Sanyi ya sauko. Tsuntsaye suka yi tsit, awakin da ke kiwo suka kama hanyar gida da kansu. Fotini ta lulluɓa wa tsohuwar mayafinta, a nan ta ga hannuwanta na karkarwa, kyamarar ba ta tsayawa.

"Lefteris, zo nan. Durƙusa a gabana. Ba ni kafaɗa."

Ya durƙusa, ta ɗora kyamarar a kafaɗarsa ta karkata ta sama.

Ranar ta rufe. Wani baƙin faifai ya tsaya a sama da farin gashi kewaye da shi, gefen duniya duk ya yi ja kamar magariba. Wata mata ta ce, "Wayyo Budurwa Maryamu!" Kir Savas yana ta ihu babu wanda ya san abin da yake cewa. Fotini ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, hawaye na zuba ba ta san dalili ba.

"Kada ka numfasa," in ji Kira Tsambika. "Na ce kada ka motsa, yaron nan! Me kake wa kuka?"

"Ba kuka nake ba."

"To kafaɗar taka ce ke kuka?"

Ta danna. Ta murɗa, ta sake dannawa. Sannan ta sauke kyamarar a cinya, ta jingina goshinta a bayan ɗanta, ta ɗaga ido ta kalli sauran da idonta har bakin ranar ya ɓullo.

Kwana tara ta yi bayan sun dawo. Asibiti dai ta ce ko gawarta ba ta yarda a biya da ita ta can ba, Lefteris kuma bai sake tayar da maganar ba. Ya ɗauki hutu ya dawo ɗakinsa na ƙuruciya. Fotini ke kawo miyar wake, tana shafa mata mai a ƙafa.

A kwana na bakwai aka kawo hotunan daga wurin wanki. Ta sa tabarau ta jera su a kan bargo. Furannin sun fito tar, har gashin jikin karansu. Na husufin kuwa, farin zoben ya ɗan ja gefe, ya zama biyu.

"Ya motsa," ta ce. "Na gaya masa."

"Ni dai ban taɓa ganin abu mai kyansa ba," in ji Fotini.

"Me kika sani ke? Da a shagona ne, da na yaga shi." Ta daɗe tana dubansa. "Jingina mini shi a jikin kofin can, inda zan gani."

Ran Juma'a da safe Fotini ta shigo da kofi, ta tarar Lefteris zaune a bakin gado riƙe da hannun uwarsa. Ya ɗago ya dube ta, ta gane. Ta ajiye tiren a kan kujera a hankali don kada kofunan su yi ƙara.

Bayan an dawo daga maƙabarta, an raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci, mutane sun watse, Fotini tana zaune a dakalin ƙofarta ta ji takunsa. Ya tsaya a kanta, baƙar rigarsa duk ta yamutse. Ta shirya jin duk abin da zai faɗa.

"Kira Fotini," ya ce, "matsa mini."

Ta matsa, ya zauna. A ƙarƙashin barandar gidan da ke kallonsu, tsattsewa biyu suna ta kai da kawowa da laka a baki, suna liƙa ta a kusurwar bango.