Hannu a Bayan Kunne

Yatsunta na bayan kunnen yarinyar lokacin da ta ji abin da ta daɗe tana tsoron ji, wasu ƙananan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata.

Aikinta ke nan kullum da safe a gidan rainon yaran. Duk yaron da aka ajiye a ƙofa, sai ta durƙusa ta shafa masa bayan kunne da ƙeya kafin ta karɓi jakarsa. Abokan aiki har sun laƙaba mata Anti Laluba, wai kwarkwata take nema. Ta ɗaga rigar yarinyar, sai ga ƙuraje ja-ja sun feso daga wuya har ƙirji, jiki da ɗumi. Yau yarinyar ta dawo daga doguwar tafiya, uwarta kuwa tuni ta ruga ofis.

"Oyoyo ƙawata!" Amarya ce ta taho a guje da hannu a buɗe za ta rungumi yarinyar. Ita ce ƙaramar ma'aikaciyarsu, tana da cikin fari, kuma su biyu kaɗai ke wurin a lokacin.

"Tsaya nan!"

Tsawar ta sa Amarya cin birki. Ba ta taɓa jin Anti ta ɗaga murya ba.

"Koma ciki ki rufe ƙofa, ki kira uwar yarinyar nan. Kada ki kuskura ki matso."

Anti ta saɓi yarinyar zuwa ɗan ɗakin da suke ajiye katifu, ta buɗe taga, ta zauna tana jijjiga ta. Can sai ga muryar Amarya daga nesa.

"Anti, mene ne?"

"Ina zargin rubela ce, 'yar uwar ƙyanda. Ga yaro ba komai ba ce, 'yan kwanaki ta wuce. Ɗan da ke ciki take yi wa ɓarna."

"To ke fa? Ke ma ai juna biyu gare ki!"

"Na riga na taɓa ta. Kada mu zama biyu."

Ta faɗa kai tsaye kamar soja. Shekarun baya, tana da ƙaramin ciki, irin waɗannan ƙuraje suka feso mata, ta ɗauka zafi ne ta shafa hoda. 'Yarta ta zo duniya kyakkyawa, sai dai ko tukunya ta faɗi kusa da ita ba ta firgita. Daga baya wani likita ya ce mai yiwuwa rubela ce, amma ba a gwada ba. Sai ɓari ya biyo baya, sai dogon shiru babu ciki. Wannan cikin da addu'a da hawaye ta same shi, ga shi yanzu tana shaƙar numfashin yarinya mai zazzaɓi. Duk da haka ba ta sauke ta ba. Waƙa ma ta riƙa yi mata har barci ya ɗauke ta.

Da uwar ta zo, Anti ta wanke hannu, ta sauya riga, ta tasa Amarya gaba sai asibiti. Aka ɗebi jininsu, suka wuni a benci. Ita ce mai ba Amarya baki, alhali yatsunta sun kusa yaga bakin mayafinta.

Da yamma likitar ta kira su. Ta fara duban Amarya.

"Ke ba ki da garkuwar cutar ko kaɗan. Ki nisanci wurin aiki tukuna, za mu sake gwada ki. In kin haihu sai mu yi miki rigakafi, ba a yi wa mai ciki. Kin ɗauki yarinyar?"

"Anti ta hana ni."

"Ki gode mata." Ta juya ga Anti. "Ke kuma, baiwar Allah, garkuwarki ta nan, kuma tsohuwa ce, ba ta yau ba. Kin taɓa yin cutar, jiki kuwa ba ya mantawa. Ki kwantar da hankalinki."

Wato abin da ya toshe kunnen babbar 'yarta, shi ne ya tsare na ɗan da ke cikinta. Kukan da ta danne tun safe ya ƙwace wa Anti, wannan karon Amarya ce ke bubbuga bayanta.

A gida ta tarar da 'yarta tana ninke wanki. Yarinyar ta dubi idanunta da suka kumbura, ta yi tambaya da hannu. Anti ba ta ɓoye mata komai ba, ta zauna ta zayyana mata da yatsu. Yarinyar ta nuna cikin, ta taɓa kunnenta. Zai ji?

Anti ta gyaɗa kai. Da yardar Allah.

Sai yarinyar ta washe baki, hannuwanta suka shiga magana da sauri. Madalla, shi zai riƙa jin kiran aike, ƙafafunta su huta. Amma fa a gaya masa tun yanzu, maganar hannu zai fara koya, don ba a gaishe da yaya da baki.