Jan Kyallen Kawu

Kawu ne ya samo mini aikin shara a wurin gyaran taragun jirgin ƙasa, inda ya shekara goma sha tara yana gyaran birki. Watana biyu da farawa aka kore shi.

A ƙa'idar wurin, duk wanda zai shiga ƙarƙashin tarago sai ya rataya jan kyalle a jikin taragon, don kada direba ya ja. Ni ba wanda ya gaya mini. Ran nan da safe na ga wani tsumma duk baƙin mai yana reto a jikin wani tarago, na cire na jefa a bokiti. Ban yi nisa ba na ji ƙarar ƙarfe. Dogo direba ya ja taragon, da ƙyar Kawu ya mirgino waje. Ya hau kan injin ya fasa wa Dogo baki.

Sai da na wanke tsumman a gida na ga ja ne. Na ninke shi na tura ƙarƙashin katifa. Sati shida ina kwana a kansa, ina cin abinci a gidan Kawu.

Ƙungiyar ma'aikata ta kai ƙara, aka sa ranar zama gaban mai sasantawa, wata dattijuwa mai tabarau. Ni an kira ni ne kawai in faɗi ko na ga dukan. Kawu ya rantse ya rataya kyalle, Dogo ya rantse bai ga komai ba.

"Haƙorana biyu, ranki ya daɗe," in ji Dogo. "Yanzu nama sai dai in gaishe shi."

Lauyan kamfani ya ce ga duka, ga karya doka, ga kuma ƙarya daga bakin mai furfura. Kawu ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa.

Da aka zo kaina, na ciro kyallen daga jaka na ajiye a tebur. Sau uku dattijuwar ta ce in ɗaga murya.

"Ni na cire," na ce. "Na ɗauka tsumma ne."

Ta daɗe tana rubutu. Ta ce ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma duka duka ne: za a dakatar da Kawu wata uku, sannan ya koma bakin aikinsa. Nan take Kawu ya miƙe ya ba Dogo haƙuri. Dogo ya karɓi hannunsa, ni kuwa ko kallo bai yi mini ba.

A hanyar gida ina bayan Kawu, idona a kan duwatsun layin dogo. Ya warware kyallen da aka mayar masa ya shinshina, ya ce rabon abin nan da sabulu tun ban yi haƙori ba. Na kasa dariya.

Sai a ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba.

"Cirewar ba laifinki ba ne, 'yata," ya ce. "Sati shidan ne."

Ya shiga. Na daɗe a waje kafin na iya yin sallama.