Kwana Uku Babu Doka

A maɗaba'ar gwamnati ba wanda ke kiransa da sunansa. Jan Biro ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a ɗaki na ƙarshe, bayan injuna, yana duba duk abin da za a buga kafin a buga shi. Ba lauya ba ne, ko sakandare bai gama ba. Da goge tawada a jikin inji ya fara. Amma duk dokar da aka yi a jihar ta bi ta gaban idonsa layi-layi, har ta kai lauyoyi kan leƙo ƙofarsa su tambaye shi lambar sashe.

Aikin na mutum biyu ne. Dogo, abokin aikinsa, yakan riƙe asalin takarda yana karantawa da ƙarfi, shi kuma yana bin kwafin gwaji da yatsa. Komai ake karantawa, har waƙafi da aya da kwanan wata. In sun kai ƙarshe babu kuskure, sai Jan Biro ya rubuta “An duba” a ƙasa, ya sa hannu. In babu wannan sa hannun, mai inji ba ya taɓa takarda. Dokar da ba ta fito a gazet ba kuwa, wato jaridar dokoki ta gwamnati, ba ta hau kan kowa ba.

Da annobar zazzaɓin ƙirji ta ɓarke, gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci. Aka rufe kasuwanni da tashoshin mota da makarantu. Kundin tsarin mulki ya ba shi wannan iko, amma na kwana ashirin da ɗaya kawai. In yana son ƙari, sai majalisar dokokin jiha ta zauna, kashi biyu cikin uku sun amince. 'Yan majalisa talatin ne, ke nan sai an sami ashirin. Ranar Alhamis ɗin nan kwanakin ke cika, da ƙarfe shida na yamma.

Babu mai son a ƙara wa'adin kamar Jan Biro. 'Yarsa tilo nas ce a ɗakin masu cutar, kwana goma sha tara rabonta da gida. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Kullum da yamma yakan kai mata girkin Inna, mahaifiyarta, a kula, ya tsaya bayan shingen waya na asibiti su gaisa daga nesa. Ta gaya masa tun da aka rufe gari marasa lafiya sun fara raguwa, kaɗan-kaɗan.

Da hantsi lauyan gwamna ya shigo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Matashi ne, idanunsa sun yi ja a saman takunkumi.

“Baba, sannu da aiki. Wannan ta gaggawa ce. Kafin shida nake so ta fito.”

“Yauwa, ranka ya daɗe. Tun safe muke jiran ta.”

Aka shirya kwafin gwaji, Dogo ya ɗauki asalin. Jan Biro ya miƙa hannu ya juya bayan takardar, ya sake juyawa. Duk ƙudurin majalisa yakan zo da wata takarda maƙale a bayansa: sunayen waɗanda suka zauna, da yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a, da hatimin akawun majalisa. Wannan babu komai a bayanta.

“Ina ta akawu?”

“Tana tafe.”

“To bari mu jira ta.”

Lauya ya ja kujera ya zauna, ya cire tabarau yana murza ido.

“Ba za ta zo ba, Baba. Mutum goma sha bakwai suka zauna jiya. Sauran wasu suna kwance, wasu an killace su a gida. Su goma sha bakwan nan duk sun ɗaga hannu, ba wanda ya ce a'a. Ranar Lahadi za a sallami mutum uku, Litinin su cika ashirin su amince. Abin da za su yi ranar Litinin ne muka rubuta yau, shi ke nan.”

“Akawu ya ƙi buga hatimi ke nan?”

“Akawu ya kashe wayarsa.”

“Kai, akawu ya iya zaman duniya,” in ji Dogo. “Ni da tawa wayar tana da caji da tuni na bi sahunsa.”

Ba wanda ya yi dariya. Lauya ya matso da kujerarsa kaɗan.

“In ba a buga wannan ba, gobe kasuwa za ta cika. Jumma'a, Asabar, Lahadi. Kwana uku mutane suna shaƙar numfashin juna. Na san 'yarka, Baba. Ita ce ta rufe wa yayana ido ranar Asabar. Ba don gwamna nake roƙon ka ba.”

“Allah ya jiƙansa,” Jan Biro ya ce. Ya tashi ya ce a ba shi minti goma.

Ya fita bayan gini inda ake jibge ɗaurin takarda, ya zauna a kan ɗaya. Abin da ya dame shi shi ne yaron nan gaskiya ya faɗa. Babu mugunta a cikin takardar. Gwamna yana so, likitoci suna so, 'yan majalisa suna so, shi kansa yana so. Jimla ɗaya ce kawai ƙarya, ita ma ranar Litinin za ta zama gaskiya. To wa aka cuta?

Ya tuna sau tara ya duba wannan sashe na kashi biyu cikin uku a rayuwarsa, duk lokacin da aka sake buga kundin. Ya daɗe yana tunanin don mugun gwamna aka rubuta shi. Yanzu ya ga ba haka ba ne. Babu mai mulkin da zai zo ya ce mugunta ce ta kawo ni, kowa da dalilinsa mai kyau yake zuwa. Wanda ya rubuta ashirin ya san da ranar da dalilin zai yi kyau har mutum ya ji kunyar tambaya. In goma sha bakwai ta wuce yau saboda cuta, wata rana wani zai zo da goma sha biyu saboda wani abu, ya buɗe gazet ya nuna cewa an taɓa yi.

Sai dai wannan wata ranar ba ta da fuska. 'Yarsa kuwa tana da fuska, har da shatar takunkumi a karan hancinta. Da ya tuno shatar nan sai ya miƙe. Ya koma ciki da niyyar sa hannu.

Dogo ya tare shi a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

“In ka sa, ba mai ji daga bakina. In ka ƙi, 'yarka ba za ta ji daga bakina ba. Ka ji nawa.”

“Karanta kawai.”

Suka zauna kamar kullum. Dogo ya gyara murya.

“Majalisar dokokin jiha, waƙafi, a zamanta na ranar Laraba, waƙafi, ta amince da rinjayen kashi biyu cikin uku...”

Dogo ya ci gaba har layi biyu kafin ya lura ba a bin sa. Yatsan Jan Biro ya tsaya a ƙarƙashin “kashi biyu cikin uku”, kamar yadda ya saba tsayawa in harafi ya faɗi ko lamba ta juye. Ya ce a sake karantawa. Aka sake. Nan dai yatsan ya tsaya. Shekara talatin da ɗaya abin da “An duba” ke nufi ke nan: na ji da kunnena, na gani da idona, haka yake. Ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin.

“Kuskure ne, ranka ya daɗe. Ba zan iya ba. Wallahi na so.”

Lauya ya dubi ƙofar ɗakin injuna. Yana iya shiga ya ba mai inji umarni da bakinsa, wataƙila ma a bi. Ya daɗe yana duban ƙofar, sannan ya mayar da tabaransa.

“To me zan kai wa mai girma?”

“Rubuta abin da ya faru ka kawo. Goma sha bakwai sun zauna, sun amince, ba su cika ba. Za a sake zama Litinin. Gwamna yana roƙon jama'a su zauna a gida kwana uku. Minti goma ya ishe ni in duba. Kafin magariba mun buga dubu ashirin.”

“Roƙo ba ya rufe kasuwa, Baba.”

“Ba ya rufewa.”

Lauya ya tattara takardunsa ya fita bai yi sallama ba. Bayan azahar direbansa ya kawo sabuwar takarda, ta roƙo. Suka karanta ta har ƙarshe, Jan Biro ya sa hannu, injuna suka tashi.

Biyar da rabi ya isa asibiti. Ya ajiye kula a kan bencin mai gadi, ya koma bayan layin da aka shata da farin fenti, taku uku daga waya. Jim kaɗan ta fito, ta sauke takunkumi zuwa haɓa. Ta rame.

“Ɗana, yau ka makara,” ta ce. “Na ɗauka ka sami wata uwar.”

“Uwata, ya jikin mutanenki?”

“Da sauƙi dai. Ka ji rediyo? Wai ƙarfe shida doka za ta ƙare. Mutum talatin sun kasa haɗa ashirin, mu kuma a nan mu takwas muke aikin mutum talatin. In na kama wanda ya bari aka yi wannan sakacin, allurar da ta fi kowace kauri zan yi masa.”

Yana iya yin shiru. Dogo ba zai faɗa ba, lauya ma ba zai faɗa ba.

“Ni ne,” ya ce.

Ya gaya mata duka, da takardar akawu da goma sha bakwai da yayan lauya. Bai ɓoye cewa ya koma da niyyar sa hannu ba. Bai kuma kare kansa ba. Tana saurare, hannunta ɗaya riƙe da wayar shingen.

“Gado arba'in gare mu, Baba,” ta ce da ya gama. “Mutum hamsin da uku. Jiya na kwantar da wata tsohuwa a kan tebur. Ka san abin da kwana uku zai kawo mana nan da mako biyu?”

“Na sani.”

“Ba ka sani ba. Ni zan sani.”

Ya sunkuyar da kai. Ta juya masa baya, ta yi kamar za ta koma ciki, ta tsaya. Ya ga kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka. Da ta juyo ta riga ta share ido da bayan hannu.

“Ba zan ce ka yi daidai ba. Ban sani ba. Yau dai haushinka nake ji.”

“Ni ma ban sani ba, Uwata.”

“Da ka sa hannun, da ka gaya mini?”

Ya yi tunani kafin ya amsa.

“A'a. Da na ɓoye miki.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta je ta ɗauko kular, ta zauna a kan dakali ta buɗe. Ya ce mata gobe da sassafe shi da Dogo za su je bakin kasuwa su raba takardun, su yi wa mutane magana ɗaya bayan ɗaya. Tunda shi ya jawo, ai ya kamata ya tsaya a wurin.

Ta ajiye cokali.

“Kai da wannan tarin naka na shekara da shekaru? Ka shiga kasuwa don ka biya ni? Wato ka ƙara mini mutum na hamsin da huɗu. Ba inda za ka. Daga yau na rufe ka a gida. Ba kasuwa, ba asibiti. Maɗaba'a ma sai ranar Litinin, ka duba takardar akawun nan taka ka dawo. Zan kira Inna in ce ta ɓoye maka takalma.”

“Har yaushe?”

“Har sai na ce.”

“Haba, Uwata. Doka babu wa'adi?”

“Kai ni kotu.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ita kuma ta nuna shi da cokali, alamar ka gani ko. Da tarin ya lafa sai ya tambaye ta abincin fa, wa zai riƙa kawowa. Ta ce na asibiti bai kashe kowa ba tukuna. A nan ya gane abin da ta yanke masa: daga yau babu tsayuwa a bayan waya, babu ganin ta. Bai yi gardama ba.

Ta ci abincin da sauri, yana tsaye yana kallo kamar lokacin da take ƙarama. Daga can wajen tasha suka ji ƙarar mota ta tashi, wata ta amsa, aka fara ƙwala kiran fasinja. Ta ɗaga kai ta saurara, ta rufe kular.

“Shida ta yi. Tafi kafin titi ya cika. Bi ta bayan makaranta, ba mutane a can. Ja takunkuminka sama, hancinka a waje yake.”

Ya ja shi sama. Ya yi taku kaɗan ya waiwayo.

“Uwata...”

“Na ji, Baba. Tafi.”

Ana kiran ta daga ciki, amma ba ta shiga ba sai da ta ga ya sha kwana.