Yatsa Ɗaya a Kan Tsirkiya Uku

Shekara da shekaru maigidana yana kaɗa jita a bayan mawaƙa da yatsu huɗu. Kwatsam bana ya sauya salo, sai ya kwantar da yatsa ɗaya a kan tsirkiya uku, yana jan sa sama da ƙasa.

"Sautuka ne masu tazarar huɗu-huɗu," in ji shi. "Haka manyan masu kiɗan jaz na ƙasashen waje ke yi. Ba farin ciki, ba baƙin ciki, sauti ya tsaya a tsakiya."

Mai ganga, shugaban ƙungiyarsu, har da tafi, wai tsoho ya waye. Ni ban tafa ba. Mutumin da ko wurin ajiye takalminsa bai taɓa sauyawa ba, shi zai waye da furfura? Ruwa ba ya tsami banza.

Ran nan yana gwaji a falo na ce, "Malam, kaɗa mini waƙar da ka yaudare ni da ita."

"Ta tsufa."

"Ni ma na tsufa, ai ba ka yar da ni ba."

Ya ɗora hannu. Yatsu biyu suka sauka, biyun ƙarshe suka ƙi lanƙwasuwa.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun bara ba na jin su. In mai ganga ya sani, wani zai nemo."

"Ya ci gaba da tafinsa, ba daga bakina zai ji ba. Amma likita zai ji. Ɗauko takalminka, ka san inda yake."