Yadda Na Shuka Jarrabawa

Ni Nomau na Safo, ni na fara ganin injin duba jarrabawa a Madarunfa, tun malaman lakwal ba su ji labarinsa ba. Shekarar da fari ya cinye gero ne, ana neman mai gadin rumbun agaji, aka ce sai an yi jarrabawa. In na rasa aikin, sai cirani, in bar iyali da yunwa.

Wani bature ya raba mana takardu masu ƙananan ramuka a jere. Ya ce kowane layi a cike rami guda, inji zai duba, kuma ba ya kuskure. Ni ko bihim ban sani ba. Na dubi takardar, na ga gona ce an gama sara. Sai na shuka ta, kowane rami nesa da na bayansa, kada su shaƙe juna.

Inji ya haɗiye ta, ya ce ni ne na ɗaya. Gambo, ɗan ƙanwata mai boko, ya zo na tara.

Ya ce, "Kawu, ina ka yi karatu?"

Na ce, "A gonar da ka gudu ka bari."

Mai musu ya ɗauko injin da fensirinsa, ya zo mu sake zama.